Kitso da Lasisi a Jihar New York: Shaidar Makitsiya

Mu makitsan da ke aiki a Bronx da Harlem na birnin New York, kusan duk labarinmu iri ɗaya ne. A tsakar gida muka koyi kitso, a kan ƙannenmu da 'ya'yan maƙwabta, wasu a Nima ta Akara, wasu a Zangon Kumasi, wasu a Yamai, Maraɗi ko Kano. Mace za ta sauka Amurka, kafin ta gane hanyoyin jirgin ƙasa wata yaya ko inna ta kai ta shago ta ce ga ƙanwata, hannunta yana da kyau. A ba ta kujera, ta yi ta kitsa kawuna tun safe har bayan isha, a raba kuɗin da mai shago. In kasuwa ta yi sanyi ta fita bakin tashar titi na 125 tana kiran masu wucewa, tare da 'yan Sanagal da Gine da Mali da Kwaddibuwa. Da wannan kuɗi ake biyan haya, da shi ake aika wa gida, da shi wasu suka sauke farali. Shekaru sai su shuɗe a haka ba tare da takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunanta a jikin bangon shagon ba.

Ni makitsiya ce mai lasisi, kuma shaidar da zan bayar a kan wannan takardar ce: yadda ake samunta, da yadda ake riƙe ta. 'Yar'uwa, in kina kitso a wannan jiha kina karɓar kuɗi, doka ta ce sai da lasisi, ko da kuwa kin fi malamar makarantar iya aikin. Sau da yawa ma kin fi ta.

A Amurka kowace jiha da dokarta a kan sana'o'in gyaran jiki, gwamnatin tarayya ba ta ba da wannan lasisi. A New York, Ma'aikatar Harkokin Jiha ce ke bayarwa ta hannun sashenta na lasisi, kuma iri biyar ne, kowanne da yawan awoyin karatunsa. Na gyaran gashi gaba ɗaya, wanda ya haɗa da aski da rini da sa rilaksa, awa 1,000 ne. Na gyaran fata da kwalliya awa 600. Na farce awa 250. Na cire gashin jiki da kakin zuma awa 75. Namu na kitso, wanda a fom za ki ga an rubuta Natural Hair Styling, awa 300 ne, kuma tun farkon shekarun 1990 jihar ta ware shi daban.

Ki san iyakar lasisin kitso tun kafin ki biya kuɗin makaranta, domin a nan mutane da yawa suke shiga matsala bayan sun samu. Ya ba ki damar wanke kai da shamfu, taje gashi, kitsa shi, murɗa shi, yin dada, ɗinka wivin, da ƙara gashin kanti. Bai ba ki damar rina gashi ba, bai ba ki damar sa rilaksa ko duk wani sinadarin da ke sauya launin gashi ko yanayinsa ba. Almakashi ma iyakarsa datse abin da kitson ya bukata, kamar daidaita bakin jela. Kwastoma za ta zauna ta ce ki ɗan shafa mata rilaksa a gefen goshi kafin a fara, abu ne na minti goma, amma in ya ƙone ta, a idon hukuma kin yi aikin da ba ki da lasisinsa, kuma kamfanin inshora zai iya zame jikinsa. Haka kwalliyar amare: mai yi don kuɗi lasisin fata ko babban lasisin gashi take bukata. Wadda ta san tana son shagonta ya riƙa yin komai, gara ta daure ta yi awa 1,000 sau ɗaya.

Wata za ta ce ai ƙawarta a Texas ba ta da komai kuma tana aikinta lafiya. Gaskiya ne. Texas ta cire kitso daga jerin sana'o'in da ke bukatar lasisi a 2015, bayan doguwar gwagwarmayar Isis Brantley, wadda aka taɓa kamawa a Dallas a 1997 saboda kitso babu takarda. A Utah, Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo, ta kai ƙara kotun tarayya saboda an ce sai ta yi awa 2,000 na karatun da kusan bai taɓo kitso ba, kuma ta yi nasara a 2012. Mississippi tun 2005 rajista kawai take nema. New Jersey da ke tsallaken kogi awa 40 ko 50 take nema, gwargwadon ƙwarewar mutum. Ni a ganina awa 300 sun yi yawa ga matar da ta shekara ashirin tana kitso, kuma kuɗin makaranta da ranakun aikin da za ta rasa nauyi ne na gaske a kan mai ciyar da gida biyu. Amma dokar New York tana nan ba ta sauya ba, kuma 'yancin da ke Texas ba ya bin mutum zuwa Bronx. Haka in za ki bar nan zuwa wata jiha, ki nemi dokar can tun kafin ki kama haya.

Makaranta sai wadda Ma'aikatar Ilimi ta jihar ta amince da ita, kuma ta amince mata da wannan kwas ɗin musamman. Akwai masu buɗe aji a bayan shago su ba da satifiket mai ado da hatimi, ranar neman lasisi a tarar takardar banza ce. Ki nemi sunan makarantar a jerin da ma'aikatar ke wallafawa a intanet, ki karɓi yarjejeniyar shiga a rubuce, ki duba abin da ta ce game da mayar da kuɗi in kin tsaya a hanya, ki tambaya ko kuɗin ya haɗa da littafi da kayan aiki da kan roba na gwaji. Awoyin ƙirga su ake yi da zuwanki. In kina zuwa awa 20 a mako, mako 15 ke nan. In awa 10 ne, mako 30. Ranar da kika makara ko kika fita da wuri, an rage. Ki riƙa ajiye naki lissafin a littafi kina sa malama ta sa hannu, don in rajistar makaranta ta saɓa da taki ki sami abin nunawa. Shawarata ita ce a zaɓi ajin farkon mako, Litinin zuwa Laraba, a bar Juma'a da Asabar ga shago, tunda a nan cinikin yake.

Akwai wata ƙofa ga wadda ta yi aikin shekara biyar bisa doka a wata jiha ko wata ƙasa: za ta iya neman lasisi da hujjar ƙwarewa a maimakon makaranta. Sai dai hujja ake nema ta takarda, irin su shaidar hukumar da ta ba ta izini a can, takardun haraji masu nuna sana'arta, da bayanin waɗanda suka san aikinta, kuma duk abin da ke cikin Faransanci ko wani harshe sai an fassara shi zuwa Turanci. Yawancinmu a gida ba mu taɓa karɓar rasit a kan kitso ba, shi ya sa wannan ƙofa take da ƙunci. Shekarun da aka yi ana aiki a cikin New York babu lasisi kuwa ba sa shiga lissafi.

Neman lasisin ta intanet ake yi. Dole shekarunki su kai 17. Za ki je wurin likita ko ma'aikaciyar jinya mai izinin duba marasa lafiya a cike miki shaidar lafiya, kuma ki miƙa takardar neman cikin kwana 30 daga ranar da aka duba ki. Wannan ƙa'ida ta kwana 30 tana kayar da mutane: mace za ta yi saurin zuwa asibiti tun tana tsakiyar karatu, kafin ta gama takardar ta mutu, sai ta sake biya. Ki bari sai makaranta ta tabbatar da kammalawarki. Akwai kuma darasin awa ɗaya na wayar da kai a kan cin zarafi a cikin gida da fyaɗe, wanda kowane mai nema sai ya yi. Kada ki raina shi. Mace tana faɗa wa makitsiyarta abin da ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba, kuma mu muke ganin tabon da ke ƙarƙashin gashi. Kuɗin takardar neman dala 40 ne, kowace jarrabawa dala 15, lasisin wucin gadi na wata shida da zai ba ki damar aiki kafin ki gama jarrabawa dala 10. Sunan da ke kan fom ya zama daidai da na katin shaidarki harafi da harafi. Mu da ake rubuta mana Hadiza a wuri ɗaya, Adiza ko Khadija a wani, Aichatou a fasfo, Aisha a makaranta, wannan kaɗai ya isa a mayar da mutum gida daga ƙofar ɗakin jarrabawa.

Jarrabawa biyu ce, ta rubutu da ta aiki. Ta rubutu tambayoyi ne masu zaɓin amsa, ana neman maki 70 cikin 100, kuma ita ce ke ba mu wuya, domin ba ta damu da iya shuku ko kalaba ba. Tana tambaya a kan ƙwayoyin cuta, bambancin wankewa da kashe ƙwayoyi, sassan gashi da fatar kai, cututtukan da ba a taɓa mai su, da dokar jiha. Wadda karatun Turancinta bai yi ƙarfi ba ta fara da ajin Turanci na manya, ɗakunan karatu na birnin suna yi kyauta, ta kuma sa 'ya'yanta su riƙa karanta mata tambayoyin gwaji da dare tana amsawa. Ki kula da tambayoyin da ke cewa wanne ne ba daidai ba, ko mene ne za a fara yi. Amsoshi biyu za su yi kama da gaskiya, abin da ake nema shi ne jerin matakai.

A jarrabawar aiki kuma, gwanaye sun fi faɗuwa a kan tsabta fiye da kan kitso. Mai dubawa yana kallon ko kin tsabtace hannu kafin ki taɓa kai, ko kwalabenki duk da suna a jiki, ko kin ware jakar kaya masu tsabta da ta waɗanda aka yi amfani da su da ta shara. Halayen da muka taso da su ne suke cin mu: riƙe kibiya a baki, soke matsefi a gashin kanmu, ɗaukar abin da ya faɗi ƙasa a ci gaba da shi, tsoma yatsa cikin gwangwanin mai a koma a sake tsomawa. Abin da ya faɗi ya shiga jakar masu datti, ki sake tsabtace hannu, ki ɗauko wani, shi ya sa ake zuwa da kowane abu fiye da ɗaya. Mai kuwa da ɗan cokali ake ɗebo shi a zuba a wani wuri. Ki yi ta gwaji a gida da agogo a gabanki har hannun ya saba da sabuwar tarbiyya.

Samun takardar hawa ɗaya ne, riƙe ta kuwa aikin kullum ne. Lasisin a rataye yake a inda kike aiki, inda kowa zai gani, da hotonki a jiki. Sufeto ba ya sanar da zuwansa, kuma wani lokaci ƙorafin kwastoma ne ke kawo shi. Zai dubi bango, ya dubi fuska, sannan ya buɗe durowa.

Ga yadda ake kula da kayan aiki tsakanin kai da kai. A fara cire gashin da ya maƙale a matsefi da buroshi, a wanke da sabulu da ruwa, a ɗauraye, a tsane. Sai a nutsar da su gaba ɗaya cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta mai rajistar hukumar kare muhalli ta Amurka, irin na asibiti. Shuɗin ruwan nan Barbicide da ke kowane shago, haɗinsa oza 2 ne a cikin oza 32 na ruwa, wato kashi ɗaya cikin sha shida na ruwa, kuma sai kaya sun yi minti 10 cif a ciki. Ana sauya shi kowace rana, ko da zarar ya gurɓace. Abin da ke lalata aikin guda uku ne: jefa matsefi da man gashi a jikinsa, domin maiƙo yana hana maganin isa, ƙara ruwa don a yi tattali, da barin rabin matsefi a waje. Bayan an fitar a ɗauraye, a busar, a ajiye a rufaffen wuri mai tsabta. Duk abin da ke tsotse ruwa, kamar auduga da takardar wuya da zaren da ya rage, na mutum ɗaya ne. Tawul sabo ga kowace kwastoma. In allurar ɗinkin wivin ta soki wani jini ya fito, a dakata, a sa safar hannu, a wanke wurin a rufe, a ƙulle abin da jini ya taɓa a leda kafin a zubar, allurar kuma ta shiga maganin ko a jefar da ita a mazubin abubuwa masu tsini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda a kan busasshen abu.

Kafin ki ɗora kibiya, ki buɗa gashin ki dubi fatar kai a wuri mai haske. Amosani ba ya yaɗuwa, ana iya aiki. Makero kuwa, wato zagayen da gashi ya karye ya bar ɓawo, yana yaɗuwa ta matsefi da tawul, ya fi kama yara, kuma man shafawa ba ya kashe shi, sai maganin sha daga likita. Ƙwarƙwata, ƙuraje masu ruwa, gyambo, duk ba a kitsa kansu. Ba aikinki ba ne ki faɗi sunan cuta ko ki ba da magani. Ki ja uwar yarinyar gefe ki ce, Hajiya, na ga wani abu a kanta, a kai ta likita ya duba, in ta warke ki dawo da ita. Za ta iya jin haushi ranar, amma kin tsare sauran yaran da za su zauna a kujerar.

Sai maganar jan gashi, wadda ta fi damuna a cikin sana'armu. Mun taso ana cewa kitso in bai yi zafi ba bai kamu ba, har yarinya ta kwana ba ta iya ɗora kai a matashi. Wannan jan ne ke cinye gaban goshi da gefen kunne. Da farko ƙananan ƙuraje ne a gindin kitson da ciwon kai, gashin yana iya dawowa in an sassauta. In aka shekara ana yi, saiwar ta mutu, wurin ya zama santsi har abada. Alamarsa a fili take: in fatar ta tattare a gindin kitso ko girar kwastoma ta ɗaga, ya yi tsauri, a warware. Kada a ɗora gashin kanti mai nauyi a kan 'yan siraran gashin goshi, yankin da aka tsaga ya yi daidai da nauyin da zai ɗauka. Likitocin fata suna ba da shawarar kada kitso ya wuce mako 6 zuwa 8 ba a tsefe ba. Ruwan zafin da muke tsoma jelar kitso a ciki kuma yana iya ƙona mutum: a sa tawul mai kauri a kafaɗa, kwastoma ta jingina baya, mazubin ya zama mai mariƙi, a matse jelar da tawul kafin a sake ta ta taɓa baya, kuma kada yaro ya kasance a kusa.

Lalle da kwalli suna shigowa shagunanmu lokacin sallah da biki, to a yi hattara. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da lalle ne a matsayin rinin gashi kawai, kuma baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin PPD ba a yarda a sa shi a fata ba, domin yana tayar da bororo ya bar tabo, wasu ya bar su da rashin jituwa da rinin gashi har ƙarshen rayuwa. Kwallin gargajiya kuma an hana shigo da shi saboda dalmar da ake samu a ciki, kuma ya fi illa ga jarirai. Kada a sayar da shi a kan kantar shago.

Lasisinki na kanki ne, shago yana da nasa daban. Mai shago tana bukatar lasisin kasuwanci na wannan adireshin, da inshora ko jingina ta aƙalla dala 25,000 kan kowane haɗari da dala 75,000 a jimlace. In kuma hayar kujera kike yi, kina karɓar kuɗinki da kanki, ba albashi ake biyanki ba, ke ma sai kin karɓi lasisin mai hayar wuri da taki inshorar. Mata da yawa masu lasisin kitso ba su san wannan ba sai ranar da sufeto ya tambaya wa ke biyan wa. Mai zaman kanta kuma ita ke biyan harajinta, kashi 15.3 cikin 100 na tsaron tsufa da lafiya ban da harajin kuɗin shiga, ana biya sau huɗu a shekara, a tsakiyar Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Ki riƙa ware wani abu daga kowane kai tun ranar da kika karɓa. Takardun harajin nan su ne hujjar sana'arki ranar da za ki nemi hayar shago, ko bashin banki, ko lasisin wata jiha.

Aiki babu lasisi tararsa tana kai wa dala 500 a karo na farko, 1,000 a na biyu, 2,500 daga na uku. Buɗe shago babu lasisi ya fi haka nauyi, laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari. Abin da nake roƙon 'yan'uwa a kai shi ne aron takarda. Ƙanwa ta zo daga gida, tausayi ya kama ki, ki bar ta ta zauna a ƙarƙashin lasisinki, ko ki bar shi a rataye a shagon da ba ki aiki a ciki don a ba ki wani abu a wata. Ranar da ta ƙona wata ko sufeto ya haɗa hoto da fuska, naki ne za a dakatar ko a soke, ita kuma ba ta ƙaru da komai ba. Taimakon da ya fi shi ne a haɗa mata adashi a biya mata makaranta, a riƙe mata yara ranakun aji.

Lasisin shekara huɗu yake yi, sabuntawa dala 40, kuma New York ba ta neman ƙarin karatu kafin a sabunta. Sauƙin nan ne yake sa a manta, tunda shekara huɗu tana da nisa kuma mu masu yawan sauya gida ne. Duk lokacin da kika tashi, ko aure ya sauya miki suna, ki sanar da sashen lasisi, ki tabbatar imel ɗin da ke asusunki wanda kike buɗewa ne, ba na ɗan da ya cike miki fom ba. Fom ɗin yana tambaya a kan hukuncin kotu da bashin kuɗin kula da yara, a amsa da gaskiya, domin ƙarya a fom dalili ce ta soke lasisi. Daga ranar da ya ƙare, duk kan da kika kitsa aiki ne babu lasisi, ko da takardar tana nan a bango. In kika bar shi ya wuce shekara biyar a mace, sai kin sake zama jarrabawar rubutu. Wadda za ta tafi gida ta daɗe, jinyar iyaye ko aurar da 'ya, ta duba ranar ƙarewar kafin ta sayi tikiti; ana buɗe sabuntawa wata uku kafin ranar, kuma ana iya yi ta waya daga ko'ina muddin tana riƙe da kalmar sirrin asusunta.